Tukunyar da Aka Bari a Kan Wuta

Ban daɗe da ajiye aiki ba 'yar ƙanena ta zo mini da wani kaye, littafin rubutu mai shuɗin bango, da bik, wato biro, guda biyu. Kusan shekara talatin na yi ina sakatariya a wata ma'aikata a nan Yamai, kuma yawancin aikina shi ne in zauna a ƙarshen tebur in rubuta abin da manya suka faɗa a taro, daga baya in buga shi yadda ba wanda zai ji haushi in ya karanta. Ta san da haka sarai. Shi ya sa ta ce ni zan rubuta mata ra'ayin masu kallo ranar da za a fara nuna fim ɗinta.

A hannuna yarinyar ta tashi, tun ubanta yana aiki a garin Tawa, kuma ban taɓa iya ce mata a'a ba har maganar ta tsaya a a'a. Ta gama jami'a muna jiran ta nemi aiki, sai ta ɗauki kamera. Ita da abokan karatunta suka kwashe bazara guda a bakin kogi wajen Goudel, lokacin da ruwa ya ja baya yashi ya fito fili. Ba wanda ya ɗauki nauyinsu. Duk abin da ke cikin fim ɗin aro ne ko tsintuwa. Daga gidana kaɗai an tafi da gidan sauro biyu, da tsohon parabol ɗinmu, faifan kama tashoshin talabijin, da iska ta karya, da kask, hular kwanon da maigidana ya daina sawa tun da ya sayar da moto, wato babur ɗinsa.

Labarin ba shi da wuya. A wani zamani mai zuwa kogi ya ƙafe. Wata 'yar masunci tana girki sai ta ga wani haske ya faɗo daga sama. Ta je ta tarar da jirgi, a cikinsa akwai wani baƙo mai ido uku daga wata duniya. Shi ya gaya mata wani ƙaton ƙarfe ne ya zuƙe kogin ya tafi da shi can bayan taurari. Suka tafi tare su karɓo ruwan. Na kalle shi sau biyu a ordinatar ɗinta, wato kwamfuta, kuma gaskiya a tsakiya nakan ɓace, ban san wa ke bin wa ba. Amma akwai wuri guda da yarinyar ta durƙusa a waccan duniyar, ta kafa kunne a yashi, ta ji kogin garinsu yana gudu a ƙarƙashi. Ba magana, ba kiɗa. Duk sau biyun sai da tsikar jikina ta tashi. Wannan wurin nake so mutane su gani.

Ta yi wa masu lambu da masunta alkawarin su za su fara kallo, tunda ta cikin lambunansu ta yi ta wucewa da kayanta. Aka ba ta wata magaza, rumbun da ake ajiye albasa, wadda ba komai ciki a lokacin sai wari. Bayan la'asar aka toshe tagogi da buhuna, aka rataya farin zanen gado, aka tada gurup, injin ba da wuta, a waje don ba a yarda da kuran, wutar lantarkin gari, ba. Mata suka cika tabarmi a gaba, maza suka zauna a benci a baya. Maigidana ya zo da amininsa, wani tsohon malamin lekol, wato makarantar boko, maƙwabcinmu. Ni na zauna kusa da ƙofa da kayena a cinya, inda ɗan haske ke shigowa.

Fim ya fara lafiya. Ga yarinyar a tsakar gida, ta ɗora tukunya a kan murhu, ta tura itace, hayaƙi yana tashi a hankali. Haske ya faɗo, ta miƙe ta fita da gudu. Sai wata mata a gabana, mai ɗaurin kallabi ja, ta ce da Zabarmanci:

"Ba ta sauke ba."

Na ɗauka magana ce ta wucewa. Ta kusa da ita ta ce ai yanzu za ta dawo. Ba ta dawo ba, domin ta shiga jirgi. Daga nan maganar ta bi tabarma tana yawo. Wata ta ce itacen da ta tura ya yi yawa. Wata ta ce ta ga zana kusa da murhun, kuma da iska.

Da jirgin ya bayyana aka yi dariya, wadda ban ga laifinta ba, don parabol biyu ne aka kifa a kan juna aka shafa musu farin fenti. Abin da ya ɓata mini rai shi ne muryar maigidana daga baya, yana gaya wa benci guda cewa na saman namu ne. Da baƙon ya fito da tocila a goshi a matsayin ido na uku, ya ƙara sanarwa cewa kan ma nasa ne. Mutumin da ya yi wata guda yana mita an lalata masa kask, yau shi ne mai alfahari.

Wani dattijo masunci ya tashi tsaye, inuwarsa ta rufe rabin zanen. Ya matsa ya sa yatsa a kusurwa ta sama, inda in ka lura sosai za ka ga ruwa yana sheƙi da wani kwalekwale a kai. Ya ce an ce kogi ya ƙafe, to ga kwalekwalen ƙanensa nan, ko a yashi yake tuƙi? Sai da aka ja rigarsa ya zauna.

Na yi ta haƙuri ina jiran wurina. Da ya zo, yarinyar ta durƙusa, ta sunkuyar da kai. A ordinatar ban taɓa lura ba, amma a wannan lasifikar, cikin shirun, ana jin wani injin ban-ruwa yana ƙara can nesa. Masu lambu suka gane shi nan take. Wani ya ce na wane ne, ya san tarinsa. Wani ya ce a'a, na wane ba ya wannan ƙarar tun da aka canza masa bututu. Gardama ta tashi daga benci zuwa benci, har aka kira mai injin da ke zaune a ƙarshe ya ba da shaida. Kafin ya gama bayani yarinyar ta ɗaga kai, an wuce wurin. Ba wanda ya gani.

Na juya na ce don Allah a yi shiru. Mai jan kallabi ta waiwayo, ta ga kaye a hannuna, ta ɗauka ni ce mai sanin sirrin abin. Ta tambaye ni a hankali ko shinkafa ce a tukunyar ko wake, don in wake ne da sauran dama.

Haka aka yi har ƙarshe. Aka ci galabar ƙaton ƙarfe, wanda duro uku ne da wani dogon saurayi a ciki. Kogi ya dawo, yarinyar ta tsaya a bakin ruwa tana murmushi, rubutu ya fara hawa. Aka cire buhuna daga tagogi, kowa jiƙe da gumi. 'Yar ƙanena ta tsaya a gaba, ta yi godiya, ta ce tana so ta ji ra'ayinsu. Na buɗe sabon shafi.

Malamin lekol ya fara, da Faransanci, alhali bai fi mutum biyar ke jinsa ba a ɗakin. Ya yi bayani mai tsawo cewa babu iska tsakanin taurari, yarinya da zane da silifa ba za ta kai ko'ina ba. Ya nemi allo, babu. Dattijon nan masunci ya ce shi fim ya yi masa kyau, amma bai kamata a riƙa cewa kogi ya ƙafe ba ko da wasa, baki yana da kaifi, a yi sadaka. Wani ya ce ƙaton ya mutu da sauri. Wani ya tambaya ko an gama da duron. Sauran duka na mata ne, kuma duka a kan abu guda. Wa ya sauke? Gidan bai kama ba? Ina uwarta take? Wata ta ce yarinyar da za ta bar abinci a wuta ta bi baƙo kwana uku, ko ta dawo da kogi goma, da sauran gyara a tarbiyyarta.

'Yar ƙanena ta yi murmushi, ta ce ai ba tukunyar ce labarin ba, labarin kogi ne. Mai jan kallabi ta gyara zama ta ce, wannan karon da Hausa:

"To me ya sa kika nuna mana ita?"

Na rubuta wannan ma, da ƙarfi, har bik ya huda takarda.

A mota na sauke fushina a kan maigidana. Na ce yarinya ta ƙone a rana wata uku, an zo an mai da aikinta taron gano kayan aro, kuma shi ne shugaban taron. Ya ce shi bai ga abin fushi ba, mutane sun ji daɗi, shi ma ya ji daɗi. Malamin lekol daga kujerar baya ya ce matsalar ita ce rashin ilimin kimiyya. Na ce masa shi ma ya yi shiru, abin da ban taɓa yi ba a shekarun da muka yi muna maƙwabtaka.

Kwana uku na yi ina gyara rahoton. Na yi shi yadda na saba. Na rubuta cewa masu kallo sun bi labarin da natsuwa, sun nuna sha'awa ta musamman ga kayan da aka yi amfani da su. Na ce wani masani ya ba da shawarwari a fannin kimiyya, wani dattijo ya jawo hankali kan darajar kogi. Maganar mata na tattara ta a layi guda: wasu sun yi tambayoyi kan al'amuran gida. Na buga shi tsaf, shafi biyu, na sa a cikin ambulan.

Ta zo da hantsi, ta zauna a bakin gadona ta karanta. Ta ninke shi, ta dube ni.

"Tanti, ai ina wurin. Ki ba ni kayen."

Na ce rubutun ciki ba ya karantuwa. Ta ce ita ta koyi karatu ne da rubutun hannuna. Na ba ta. Ta yi ta dariya har ta kwanta a kan gadon, musamman wurin shinkafa ko wake. Ni ban yi dariya ba. Da ta kai ga tambayar mai jan kallabi sai ta tashi zaune, ta daɗe tana kallon shafin. Ta ce matar ta fi ta gaskiya. Ta ce ranar da suka ɗauki wurin hayaƙin ya yi mata kyau ne, shi ya sa ta bar kamera ta daɗe a kan tukunyar, ta matso da ita kusa, har ana jin tafasa. Ita da kanta ta ce musu ku dubi wannan, suka duba, sannan ta tafi ta bar su da ita.

Na ce ba za ta taɓa aikinta ba saboda mutanen da ba su yi shiru na minti ɗaya ba. Ta ce a cikin wannan zafin da warin albasa ba wanda ya fita har aka gama. Na ce sun zauna ne su ga ƙarshen tukunya. Ta ce sun dai zauna.

Abin da take so ɗan guntu ne, bai kai minti ba: wata maƙwabciya ta ji ƙauri, ta shigo, ta sauke tukunyar. Tana bukatar mace mai shekaru. Tun kafin ta ƙarasa na ce a'a. Na ce ni hajiya ce, da jikoki, tsofaffin abokan aikina suna nan da rai. Ta ce ko fuskata ba za a gani sosai ba. Na ce a'a har sau uku, ranar Asabar da safe kuma ina Goudel a tsakar gidan wasu mutane, sanye da tsohon zanen da aka ara mini.

Sai a nan na gane tukunyar ma tawa ce, wadda na yi wata da watanni ina nema ina zargin mai wanki. Rabona da murhun itace tun ina amarya. Hayaƙi ya shiga idona, na cire tabarau, daga nan kuma ban ƙara ganin komai daidai ba. Sau bakwai muka yi. Sau ɗaya na ƙone yatsa, sau ɗaya tsumman ɗaukar tukunyar ya kama wuta, sau ɗaya akuya ta shigo. A na bakwai na ɗaga tukunyar na fita da ita ta gefen da aka nuna mini, 'yar ƙanena ta ce ya yi. Matar gidan tana tsaye a bakin ɗaki tana kallona tun farko. Da na san abin da kallon nata ke nufi da na tambaye ta.

Bayan sati uku aka sake nunawa, a magazar nan dai. Labari ya bazu cewa an gyara, mutane suka fi na farko, har daga Tondibia wasu mata suka zo a faba-faba, ƙananan bas ɗin haya. An cire ƙarar injin, an yanke kusurwar da kwalekwale yake. Na gargaɗi maigidana tun daga gida. Na koma wurina kusa da ƙofa, da tabarau da mayafi, da kayen a cinya.

Yarinyar ta tura itace, haske ya faɗo, ta fita da gudu. Ɗakin ya yi tsit. Sai ga ni a kan zanen, na fi yadda nake zato ƙiba, ina lalube cikin hayaƙi. Na ɗaga tukunyar. Wata ajiyar zuciya ta bi tabarmin gaba ɗaya, wata tsohuwa ta ce alhamdulillahi, aka ɗan tafa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Da aka zo wurin yashi kuma aka yi shiru na gaske. Yarinyar ta kafa kunne, ruwan ya fara gudu a ƙasa, na ga dattijon nan masunci ya karkata kansa shi ma kamar yana saurare. Na ce a raina to, an wuce wurin, yau zan rubuta abin kirki.

Da aka buɗe tagogi, hannun farko na wata mata ce daga Tondibia. Ta ce fim ya yi kyau, amma wace ce wannan maƙwabciyar da ke shiga gidan mutane ba sallama? Wata ta ce ba wannan ba ma, ta sauke tukunya ta bar wuta tana ci, ko itace ɗaya ba ta janye ba, ga zana nan. Wata ta ce ta ga agogo a hannunta, kuma riƙon da ta yi wa tsumman riƙon wadda ba ta saba ba ne, hannun biro ne. Na duba hannuna, agogon yana nan. Na ja mayafi a kansa.

Sai mai jan kallabi, wadda yau kore ta ɗaura, ta yi tambayar da ta ƙarasa ni. Ta ce ita abin da ba ta gane ba, ina matar ta kai tukunyar? Ba ta ajiye ta a gefen murhu ba, ba ta kai ɗaki ba. Hanyar ƙofa ta bi da ita, kuma har fim ya ƙare ba a ga ta dawo da ita ba.

Aka yi ta juya maganar. Wasu suka ce ta kai gidanta ne ta adana. Wasu suka ce sun san irin wannan adanar. Wata ta ce a unguwarsu akwai mai irin halin, in ta ari turmi sai an yi shari'a. Rabinsu ba su gane ni ba saboda tabarau. Rabin da suka gane suna satar kallona suna ci gaba da magana. Ni kuwa ina zaune ina rubutawa, don aikin da aka sa ni ke nan, kuma ban taɓa tashi daga taro ban gama rubutu ba. Da hannuna na rubuta: maƙwabciyar ba ta da amana. Daga bencin baya ina jin maigidana yana tari, irin tarin da na san dariya ce. 'Yar ƙanena tana tsaye a gaba ta cije leɓe, ta ƙi haɗa ido da ni.

A waje, ina jiran a buɗe mota, mai kallabin nan ta zo ta same ni da ƙunshin ganyen salati da zogale a leda. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce Hajiya an yi ƙoƙari. Ta ce in za a sake, in fara janye itacen tukuna, sannan in sauke, in ajiye a inuwa in rufe. Na ce na gode. Na ce mata, don ta sani, tukunyar tawa ce, daga gidana aka ɗauko ta. Ta dube ni da tausayi, ta dafa hannuna.

"Ba komai, Hajiya. Ki dai mayar."

Ba mu kai kwalta ba 'yar ƙanena ta fara: wai ɗan guntu ne kawai, a ƙarshe, bayan kogi ya dawo, maƙwabciya ta shigo da sallama ta ajiye tukunya. Na ce wa maigidana ya tsaya. Ya tsaya a gefen hanya, kusa da masu sayar da kifi. Na juya na gaya mata cewa na raine ta, na kai ta lekol, na ba ta gidan saurona da parabol ɗina da mutuncina, amma in ta ƙara ambatar wannan tukunyar a gabana za ta sauka ta hau kabu-kabu. Wannan karon a'a ɗina ya tsaya.

Haka fim ɗin ya shiga salular mutane, da maƙwabciya mai agogo a ciki. Wata tsohuwar abokiyar aikina ta kira ni daga Damagaram, ta ce jikarta ta nuna mata, ta gane ni tun daga tafiya. Ta yaba jirgin, ta ce baƙon ya ba ta tausayi. Muka yi hirar 'ya'ya da ciwon gwiwa da waɗanda suka rasu a ma'aikatarmu. Ina jin yadda take kewaye-kewaye, tana neman hanyar da za ta shigo da tambayar. Na ce mata ana kiran salla a nan, za mu yi magana wani lokaci, na kashe.